Motar da ke Korar Tsuntsaye a Guri

Motar ta zo ne daga Guri a cikin buhun taki, wata Asabar da hantsi, muna cikin hutun makaranta, zafin bazara ya kankama. Ina zaune a bakin ƙofar da ta raba zaure da cikin gida ina tsintar wake. Nan ne wurin zamana. Daga nan ina ganin teburin Kaka har da abin da ke hannunsa, amma mai shigowa ba ya cika lura da ni.

Kakana Malam Bukar mai gyaran agogo ne tun kafin a haifi babana. Har yau Baba mai agogo ake ce masa a unguwarmu a Haɗejiya, ko da yake sai a yi wata guda ba a kawo masa agogo ba, tunda kowa wayarsa yake dubawa. Abin da ke cika teburinsa yanzu motocin nan ne masu rimot. Ba irin na yara da ake tallansu ranar salla ba. Manya ne, tsawonsu ya kai kamu ɗaya, tayoyinsu masu kaushi kamar na tarakta. Samari ke sayensu, idan fadama ta bushe ƙasa ta tsattsage su fita da yamma su yi ta tsere. Ranar da ƙafa ta fara rawa ko mota ta ƙi miƙewa, sai a kawo wa Kaka.

Mai buhun dattijo ne dogo, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ya yi sallama, suka gaisa da Kaka, suka yi wa juna ya zafi, ya ce sunansa Malam Ari. Sannan ya zazzage buhun a kan tabarma. Mota ce shuɗiya, laka ta bushe a ƙarƙashinta, an ɗaura mata igiya ta baya, a jikin igiyar kuma gwangwanayen madara shida, kowanne da tsakuwa a ciki.

Kaka ya ce, "Malam Ari, wannan mota ce ko akuya aka rataya wa ƙararrawa?"

Malam Ari ya ce, "Lebura na ne. Ba ya cin abinci, ba ya cewa ya gaji."

Ya ba da labari. Ɗansa da ke aiki a kudu ne ya aiko da ita don jikoki su yi wasa. Shi kuwa yana da shinkafar rani a bakin ruwa, kuma tsuntsayen nan jan-baki sun sa shi gaba. Suna kwana cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ke cike ruwa, gari na wayewa su taso kamar hadari. A da yara ke kora, yanzu ko hutun boko aka yi suna makarantar allo safe da yamma, shi kuma ƙafa ba ta barinsa ya zagaya. Sai ya ɗaura wa motar gwangwanaye. Yana zaune a rumfa da rimot, ita tana bin jinga, wato tudun ƙasar nan siriri da ke raba fangali da fangali, tana jan gwangwanaye suna ƙara, tsuntsaye na tashi.

Ya ce, "Wata guda muna haka lafiya. Yanzu kuwa ta zama kamar mashayi. Na ce mata gaba, ta leƙa hagu ta leƙa dama. Jingar nan faɗinta taƙi biyu ne kawai. Sau biyu tana faɗawa ruwa. Shinkafa ta yi nono, Malam Bukar, saura mako uku a yanka. In na yi kwana uku babu kora, ba shinkafa zan yanka ba, ciyawa."

A zauren akwai Nura, maƙwabcinmu mai tuƙa adaidaita, wanda ke da tasa motar ja, da abokansa biyu. Kusan kullum suna nan suna kallon Kaka suna ba shi shawarar da bai nema ba. Nura ya kama tayar gaba ya girgiza, ta yi lako-lako.

Ya ce, "Baba, ai wannan ba aiki ba ne. Noti ne ya saki. Ka ba ni sukundireba in sallami bawan Allah ya kama hanya."

Kaka ya miƙa masa. "Bismilla, Injiniya."

Nura ya kifa motar a cinyarsa ya bi kowane noti ya ɗaure har jijiyar hannunsa ta fito. Ya juyo da ita ya kama tayar ya girgiza. Ta yi rawa kamar ɗazu. Abokansa suka fashe da dariya. Kaka bai yi dariya ba, ya dai karɓi motar ya ce su matso.

A ƙarƙashinta akwai 'yan sanduna sirara kamar tsinken tsire, wasu suna riƙe da ƙafafu a jikin motar, wasu suna juya tayoyin gaba. Kaka hannaye yake ce musu. A kan kowane hannu akwai ɗan ƙoƙon roba, cikin ƙoƙon kuma ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar wake, don hannun ya riƙa motsi sama da ƙasa idan taya ta hau tudu.

Kaka ya ce, "Noti ƙwallo yake riƙewa a jikin mota. Bai san da ƙoƙo ba. Ƙoƙon nan ya cinye ta ciki, ƙwallo na yawo a cikinsa. Ka ɗaure noti har ya karye, girgiɗin na nan. Nan kaurin gashi, can kaurin gashi, kafin ya isa bakin taya ya zama faɗin yatsa."

Nura ya ce, "To a matse ƙoƙon da filaya mana."

"Na taɓa yi. Sai ya kama ƙwallon gam, mota ta zama katako. Ɓurɓushin ƙasa ɗaya ta taka sai ta kife. Ba cire girgiɗi ne aikin ba, Nura. Wannan kowa zai iya. Sanin wanda za ka bari shi ne aikin."

Ya jawo gwangwanin kayan aikinsa, tsohon gwangwanin alewa da fentinsa ya goge. Na san abin da ke ciki ko da ido rufe: hantsaki biyu, ɗaya bakinsa a lanƙwashe, madubin da yake maƙalawa a ido, reza da ya naɗe gefenta da zare, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, da guntayen fensir. Fensiran nawa ne. Duk wanda ya gajarce sai in neme shi in rasa, in tarar da shi a gwangwani. In na yi magana ya ce, "Hajiya Shiru ta yi magana yau, za a yi ruwa."

Yana ɓalle hannayen ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan farin ƙyalle yadda suke a jikin motar, na hagu a hagu, na dama a dama, yana ba samarin labarin yadda ya koyi aiki.

"Agogon farko da maigidana Malam Sale ya ba ni, bai ce in gyara ba. Ya buɗe bayansa ya ce in sa bakin hantsaki a kan wata 'yar ƙafa mai haƙora in ɗaga ta in saki, in gaya masa abin da na ji. Na ce ban ji komai ba. Ya ce to sai gobe. Gobe ma haka. Wata shida ina share rumfa ina ɗebo ruwa ina taɓa ƙafafun agogo, ban riƙe sukundireba ba. Wata rana na taɓa sai na ji ɗan motsi, bai kai a gani da ido ba, a yatsa kawai ake jinsa. Na ce, Malam, tana motsi. Ya ce yanzu ka shigo rumfa. Ya ce ƙafar da ba ta da wannan motsin agogo tsayawa zai yi, wadda ta yi masa yawa kuma ƙarya zai riƙa faɗa wa mai shi. Ku kuna ganin hannu na juya noti. Abin da yatsa ke ji ba kwa ganinsa."

Ya wanke kowane ƙoƙo da buroshi da ruwan sabulu, ya bi lungun da tsinke, ya shanya. Ɗaya daga cikin abokan Nura ya ce a ɗiga musu ɗan mai su yi santsi. Kaka ya ɗago ya dube shi da madubin a ido.

"Mai? Zauna ka ji abin da mai ya yi mini."

Motar farko da aka kawo masa ta wani malamin makaranta ce daga Malam Madori, a lokacin da agogo ya fara ɗaukewa. Ya duba ya gane inda girgiɗin yake, ya rage shi, sannan ya yi abin da hannunsa ya saba shekara da shekaru: ya ɗiga wa kowane ƙwallo mai, kamar yadda ake yi wa agogo. Mota ta tafi kamar sabuwa. Labari ya bazu, samari suka yi ta kawowa, kowacce ya ɗiga mata.

Ya ce, "Kafin wata ya zagayo duk suka dawo, kuma sun fi da lalacewa. Na ɓalle ƙoƙo na ga baƙin abu kamar kwalli. Agogo a rufe yake, ƙasa ba ta shiga. Wannan kuwa a fadama take yawo. Mai ya kama lallausar ƙasar nan, suka haɗu suka zama dutsen niƙa. Da hannuna na niƙe wa mutane motoci. A shekarar nan aka daina shigowa zauren nan. Yara na wucewa suna cewa kar ka kai wa Baba, Kano za ka kai. Ga agogo babu, ga mota babu. Malamin nan ya bar mini tasa ya ce ba ta da sauran amfani. Ita na zauna da ita damina guda, ina ɓallewa ina mayarwa, ina kai ta bakin kogi ina dawowa, har na gane bakin fensir ya fi mai. Yana sa santsi, ƙasa ba ta manne masa."

Aikin Malam Ari ya kai har azahar. Kaka ya yanka farar leda marar kauri ƙanana ƙanana, ya goga wa ƙwallo fensir, ya ɗora ledar a kai, ya danna ƙoƙo har ya ce ƙas, ya bi gefen da reza ya share abin da ya fito. Ledar ta cike gurbin da ya cinye. Bayan kowane ɗaya sai ya ɗaga hannun sama ya saki. In ya faɗi da sauri, da saura. In ya tsaya a sama, ya matse da yawa, sai ya ɓalle ya sake da leda mafi laushi. Wanda yake so shi ne wanda ke sauka a hankali da nauyin kansa. Wani hannun sau huɗu ya sake shi. Nura tun yana kallo har ya fita ya yi lodi biyu ya dawo.

Da aka gama, Kaka ya ja layi da alli a simintin zaure daga ƙofa zuwa ƙofa. Malam Ari ya karɓi rimot. Motar ta bi layin nan kamar an ɗora ta a kan dogo, ta je ta dawo, gwangwanaye na kururuwa har kajinmu suka watse. Malam Ari ya yi ta sa albarka, ya mayar da ita buhu ya tafi.

Ranar Litinin da yamma wayar Kaka ta yi ƙara. Ba ya iya riƙe waya a kunne, a fili yake sa ta, don haka duk muka ji. Malam Ari ne. Ya ce ranar Lahadi da safe mota ta yi aiki lafiya lau, amma rana na take tsaka ta koma halinta, ta faɗa fangali. Ya tsamo ta ya shanya, sai yau ta yarda ta tashi. Da safe ta sake yin daidai, da rana ta fara leƙe-leƙe, ya ji tsoro ya ajiye ta. Matarsa ce ke ta kaɗa gwangwani da hannu tana ihu tun jiya har muryarta ta dishe, kuma tsuntsaye sun sami hanya.

Nura ya ce, "Baba, ko dai dattijon ne hannunsa ke rawa in rana ta yi?"

Kaka ya ce, "Wata guda yana tuƙa ta da rana hannunsa bai yi rawa ba. Gobe zan je in gani."

Kakata ta ce ba zai yi tafiyar nan shi kaɗai cikin zafi ba. Aka ce in bi shi, dama na daɗe ban gaida gwaggona da ke aure a Guri ba. Nura ya ce shi ma zai je, wai ya ga ƙarshen abin. Muka shiga motar farko da sassafe. Hanya duk kacala ce hagu da dama, ta fi mutum tsawo, da masunta suna shanya koma a kan ƙaya.

Gonar Malam Ari fangali takwas ce a jere, da rumfar kara a gefe, da injin ban ruwa yana ta tari a bakin rami. Shinkafar ta sunkuyar da kai, kore tana shirin yin ruwan ɗorawa. Matarsa, Ya Falmata, tana can tsakiyar gona da gwangwani da sanda. Ta ɗago mana hannu, ba ta iya ɗaga murya ba.

Kaka ko zama bai yi ba ya karɓi motar ya kama tayar gaba. Babu girgiɗi. Nura ma ya taɓa.

"Ka gani, Baba? Lafiyarta ƙalau. Mun sha hanya a banza."

Kaka ya ce, "Ajiye ta can a kan jinga, cikin rana. Mu kuma mu zauna."

Muka zauna a rumfa. Ya Falmata ta kawo fura. Tsuntsaye sun ɗan lafa saboda zafi, sai ɗaiɗaiku. Malam Ari yana magana amma idonsa na kan kacala. Da inuwar rumfa ta dawo ƙarƙashinta, Kaka ya ce a ɗauko motar. Nura ya ɗauko yana sauya hannu saboda zafinta. Kaka ya kama taya. Lako-lako. Ya kifa ta ya danna wani ƙoƙo da farce, farcen ya bar shaida a jiki. Robar ta yi laushi ta buɗe, wata ledar ma har ta zamo ta leƙo waje.

Sannan ya ce, "A zaure na gyara ta, a inuwa, a kan siminti mai sanyi. Ita kuwa a nan take aiki. Motocin samari da yamma ake fita da su, ban taɓa gyara wadda ke yini a rana ba."

Nura ya ce, "To a ninka ledar biyu yanzu da ƙoƙon yake a buɗe."

"In na cike ta yanzu, gobe da asuba roba ta huce ta tsuke, ta kama gam. Lokacin ne kuma tsuntsu ya fi yawa. Ka ga na gyara rana na ɓata safiya."

Kaka ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Malam Ari ya ce a hankali, "In ba ta yiwuwa, Malam Bukar, ba komai. Abin da Allah ya bar mana shi za mu yanka." Kaka ya juya gefe. Idonsa na kan injin ban ruwa, daidai inda aka haɗa tiyo da bakin injin aka naɗe da baƙar robar tayar keke.

Ya ce, "Malam Ari, me ya sa ba ka ɗaure tiyon can da waya ba?"

"Waya? Ai da rana tiyo na yin laushi waya ta saki, ruwa ya yi ta tsiyaya. Roba kuwa binsa take yi. Ya buɗe ta bi shi, ya tsuke ta bi shi. Duk fadamar nan babu mai ɗaurewa da waya."

Kaka ya mayar da hularsa. "Akwai mai keke a nan kusa?"

Akwai. Ƙanen Malam Ari, Modu, yana gonar gaba, tsohon kekensa na jingine a jikin giginya. Aka kira shi. Kaka ya ce yana son 'yar siririyar robar nan da ke cikin bawul, wadda ke hana iska fita.

Modu ya ce, "Ta wace tayar?"

"Duka biyun."

"To ni da me zan koma gida?"

Malam Ari ya ce, "Da ƙafafun da Allah ya ba ka guda biyu masu lafiya. Ni da ɗaya nake zuwa."

Modu ya ce, "Yaya, wannan motar taka ta cinye batir, ta cinye gwangwanayen gidanmu, yau kuma ta cinye kekena." Amma ya tsuguna ya kwance, tayoyin suka yi tsaki suka kwanta.

Robar ba ta fi tsawon gaɓar yatsa ba. Kaka ya kifa murfin gwangwaninsa a gwiwa, ya maƙala madubi, ya shiga yanka ta zobe zobe da reza, kowanne bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba. Uku na farko sun karkace, ya zubar, ya ce babu sauran ta ɓarna. Daga nan ya riƙa riƙe numfashi kafin kowane yanka. Gumi na sauka ta gemunsa yana ɗiga a murfin. Ya cire ledar gaba ɗaya. A kowane ƙwallo ya zura zobe ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, yadda za su dafe ƙoƙon ta gefe biyu, in ya buɗe su bi shi, in ya tsuke su ba shi wuri. Zobban ba su isa duka hannayen ba, don haka ya fara da masu juya tayoyin gaba, sannan ya zaɓi waɗanda suka fi cinyewa. Na lura kowane noti sai ya ɗaure shi sannan ya dawo da shi baya kaɗan, ya ɗaga hannun ya saki ya gani.

Nura ne ya riƙe masa motar har aka gama, bai ba da shawara ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya ce, "Baba, in taɓa?" Kaka ya ɗora masa yatsa a kan ƙoƙo ya motsa hannun. "Me ka ji?" Nura ya ce, "Ban ji komai ba." Kaka ya ce, "To, ka fara faɗin gaskiya."

Aka ɗora ta a jinga rana na tsakiyar zafinta. Malam Ari ya karɓi rimot ya ce bismilla. Ta tafi. Ta taka wani ɓangaren busasshiyar laka, tayar hagu ta hau ta sauka, hancinta bai kauce ba. Ta kai ƙarshen fangali na takwas, ya juyo da ita a wani ɗan fili da ya share don haka, ta dawo. Da la'asar jan-baki suka taso daga kacala, baƙi ƙirin, da wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Suka sauka a tsakiyar gona. Motar ta nufe su da gwangwanayenta, suka tashi gaba ɗaya suka karkata suka yi gabas. Ya Falmata ta ajiye sandarta ta zauna a ƙasa. Kowa na kallon sama, Kaka kuwa yana tsugune a bakin jinga yana kallon tayoyin gaba.

Malam Ari ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai ku kama hanya kafin mota ta ƙare."

Kaka ya ce, "Ranar Asabar ma na ga ta yi daidai. Sai na ga safiya."

Muka kwana a gidan gwaggo. Gari na wayewa muka koma, raɓa ta jiƙa jinga, roba ta huce. Kaka ya ɗaga hannun gaba ya saki, ya sauka a hankali. Motar ta yi zuwa uku ta dawo, tsuntsaye suka tashi sau uku. Sai a lokacin ya rufe gwangwaninsa.

Har mun yi sallama Kaka ya juyo. "Malam Ari, kwana biyun nan da ta yi a kwance, ina suka sauka?"

Malam Ari ya ce, "Bar wannan, Malam Bukar. Ya wuce."

"Nuna mini."

Malam Ari ya ɗaga sandarsa ya nuna fangali na ƙarshe, wanda ya fi kusa da kacala, inda muryar Ya Falmata ba ta kaiwa. Kaka ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi jinga, muna biye. Daga nesa fangalin kamar sauran yake. Da muka matso na ga bambancin. Sauran sun sunkuya saboda nauyi, wannan kuwa kawunansa a tsaye suke, farare. Kaka ya tsinko kai ɗaya ya murza a tafin hannu ya hura. Babu abin da ya rage.

Malam Ari ya iso da sandarsa ya ce, "Bakwai sun tsira. Da ba ka zo ba, duka haka za su zama."

Kaka ya ce, "Bakwai naka ne. Wannan nawa ne."

Ya sake tsinko wani kan, ya buɗe gwangwanin, ya naɗe shi ya kwantar a gefen hantsaki ya rufe. Bayanmu gwangwanaye suka fara ƙara. Ya Falmata ce ta ɗauki rimot ɗin, tsuntsaye sun sake tasowa.